Jinin Mahauci

Shekara talatin babana Tsahiru
yana wanke jini daga hannunsa a mayankar Maraɗi.
Ran Litinin aka ce nasa ne bai isa ba.

Ya ɗora cinyar bijimi a kafaɗa,
taku goma, ya sauke.
Ya ce wani ya zauna masa a ƙirji,
ƙato, kuma ba ya da niyyar tashi.

A asibiti suka manna masa wayoyi,
na'ura ta tofo takarda mai haƙoran zarto.
Likita Barira ta daɗe tana dubawa,
sannan ta ajiye,
ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa.
Fari fat, kamar cikin sabuwar ƙwarya.

Na ce, zuciya ce?
Ta ce, ka taɓa ban ruwa a garkar gulbi?
In tumatir ya yi yaushi a ƙarshen kunya,
ko hanyar ruwa ta toshe,
ko rijiya ta ja baya,
ganyen iri ɗaya yake langaɓewa.
Takardar nan ganye ce kawai.
Zuciyar da ake ba jini tsararo
gudu take don ta cike gurbi,
kukanta sak na mai toshewar jijiya.
In na ba shi maganin tsinka jini yau
alhali wani wuri na yoyo a ciki,
na faɗaɗa hujin tulu.

Sai ta tambayi launin bayan gidansa.
Baba ya kalli bango.
Na fita don ya sami bakin cewa baƙi.
Ƙwayoyin ciwon baya na mai talla a faranti,
biyu da safe, biyu da dare, tun bara,
su suka ci masa ciki.

Leda biyu aka rataya masa, ɗaya tawa ce.
Ya bi ɗigon da ido,
ya ce shi fita ya san jini yana yi.

Bayan mako shida muka koma.
Fatar ido ta yi ja, zanen ya lafa,
amma ba duka ba.
Likita ta ɗora alƙalami kan wani ɗan kwari da ya ƙi tashi,
ta ce, yanzu rijiya ta cika,
wannan kam na hanyar ne.
Ta rubuta mana takarda zuwa Yamai.

Da za mu gida ya tsaya a tukubar Ɗan Jimma,
yaron da shi ya koya wa riƙon wuƙa,
ya sayi hanta ta dala ɗari.
Yaron ya rantse ba ya amsa.
Baba ya ajiye kuɗin kan katako,
ya ce magani ba a cinsa kyauta.