A Ba Ni Hannu

A shagon Tasi'u, can bayan Ƙofar Marusa,
abin da ake riƙewa a buga gem
hannu ake ce masa.
Naira ɗari, minti goma, in janareta bai yi tari ba.
Na ajiye kuɗina, na ce a ba ni hannu.
Benci biyu suka kwashe da dariya.
"Ai ko kana buƙata," in ji Lurwanu,
yana tsotsar ledar zoɓo.

Nawa na hagu injin markaɗe ya karɓa
ina ɗan shekara tara,
ranar da aka aike ni da tattasai.
Bai ba ni canji ba.

Wanda ya ƙera abin nan
yatsu goma ya ƙirga, ya rufe littafi.
Na gwada gwiwa, na gwada haɓa,
ɗan wasana na ta zagaye kamar akuya a turke,
ƙwallo na wuce shi, ana ihu.
Shida ba ko ɗaya.
Na haɗiye, ina ɗanɗanar gishirin zufar wasu a leɓena.

Mannir mai gyaran waya ya dube ni, ya dubi dungun,
bai ce sannu ba, shi ya sa nake son shi.
Ya farke cikin wani tsohon hannu,
ya jawo wayoyi huɗu, ya ɗiga dalma,
ya kai su matakin keken ɗinkin innata da ya mutu.
Babban yatsan ƙafa, gudu.
Diddige, a tare.
Sati uku ina koya wa ƙafata abin da ba a haife ta don shi ba.

Ran Juma'a bayan la'asar
na ci Lurwanu uku da ɗaya.
Ta ukun ma daga tsakiyar fili.
Shagon ya yi tsit, sai fanka.

Sannan: "Maguɗi ne!"
"Shina da na'ura a ƙasa!"
"A tafi da shi asibiti, nan ba wurin tausayi ba ne."
Da ina shan kashi ba wanda ya ƙirga wayoyina.
Wani ya sa ƙafa ya tsinke ɗaya, kamar bai gani ba.
Washegari Tasi'u ya rubuta da alli a jikin ƙofa:
Ba a shigowa da hannun gida.

Sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Ni ban zo ɗaukar jinka ba,
minti goma na saya.

Mannir ya sake ɗiga dalma jiya, bai karɓi ko sisi ba.
Ga ɗarina a aljihu, na ninke ta huɗu.
Allin nan kuwa, na duba,
ruwan daren jiya ya fara cin rabinsa.