Iskar Baba Arzika

A mararrabar Wurno, gindin wata bedi,
nan Baba Arzika ke faci.
Famfonsa ya girme ni.
Gejinsa ya daɗe da barin faɗin gaskiya,
babban yatsa ya gaji aikin.

Ranar da Alhaji Tunau ya danƙa mini makullin tarakta
na iso ina hura hanci.
Na ce, cika mini su, Baba,
su yi tauri kamar goshin rago.
Ya ce, ina za ka?
Na ce, ina ruwan iska da inda za ni?
Ya cika, ya karɓi kuɗinsa, bai ƙara ba.

Fadama na nufa.
Rima ta ja da baya, ta bar laka baƙa wuluk,
sama ta bushe, ƙasa na jira.
Tayar da ta ƙoshi ba ta gaisawa da ƙasa,
da ɗan yatsa take taɓa ta.
Ta juya, ta juya, ta haƙa wa kanta rami,
garma na rataye a baya ba abin yi.
Masu dashen shinkafa suka miƙe suna kallo,
har balbela ta sauka a kan bonet.

Raƙuman Nomau biyu suka fid da ni,
da igiya da ihu da kunyar duniya.
Sai ga Baba a kan kekensa,
wando a naɗe har gwiwa.
Bai dube ni ba, ƙafar raƙumi ya nuna.
Ya ce, ka ga yadda take bajewa in ya taka?
Wa ya taɓa ganin wannan ya nutse a yashi?

Ya sa tsinken ashana a bakin bawul,
iska ta fito tana huci kamar kububuwa.
Cikin taya ya saki,
haƙora uku suka kwanta a ƙasa.
Ya ce, tsaya nan.
Ka wuce haka, kunnenta zai bar rim.

Da yamma, a kan benci, ya jera mini su.
Mai dogon haƙori ta laka ce,
ka hau kwalta da ita ta girgiza maka hanji,
ta cinye kanta kafin kaka.
Mai gajeren haƙori ta jigawa da gonar gero.
Ta gaba mai layi uku ba ta ja, hanya take riƙewa.
Kibiyar zane kuma, in ka leƙo daga kujera,
gaba za ta kalla.
Ka juya ta, sai ta tara taɓo kamar mai adashi.

Na ɗauka na gama karatu.
Rani ya zo, na ɗora albasa buhu arba'in a tirela,
na hau titi da iskar fadama.
Rana ta Sakkwato ba ta san wasa ba.
Kafin Acida na ji ƙaurin roba,
gefen taya ya tsage kamar diddige.
Wata uku Alhaji na yankar albashina,
yana murmushi duk ranar biya.

Baba ya ɗinke ta da guntun wata tsohuwa,
ya ce, kaya da kwalta ƙoshi suke so.
Ka auna da asuba, kafin ta ji zafi,
tayar da ta yi tafiya maƙaryaciya ce.

Yanzu yana ta rufe masa ido.
Jikansa Buda ke jan famfo,
shi kuwa sai ya buga sifana a gefen taya,
ya karkata kunne.
Jiya na tsaya da sassafe.
Ya ce, ina za ka?
Na ce, tudu da safe, fadama bayan azahar.
Ya ce, to sai ka dawo ta nan.