Ta Hannu

A Toledo, bayan layin dogo,
akwai shagon wani tsoho, Delbert,
mai tari kamar injin markaɗe.
Ya ciro ta daga cikin gilashi,
ya kwantar a kan tsumma kamar mai ajiye ƙwai.
"Mai ita ya mutu," in ji shi. "Matarsa ce ta kawo."
Dala ɗari uku da arba'in.
Na taya, ya yi dariya; nan ba a cewa albarka.
Na cike takarda, aka yi ta binciken sunana
har shayin da na bari a mota ya huce.

Mariƙinta ya goge ta gefen hagu,
ashe mamacin bahago ne.
Dare uku ina juya ta,
hannunsa yana cikin hannuna.

Na cire robar, na sa mata jan katako,
na mulke shi da mai har ya ɗauki ido.
Na sauya mata saiti mai ɗigon haske kore,
don tuƙin dare ya fara cin idona.
Kube kuwa, Tanimu Baduku na aika wa awo,
ya ɗinko daga gida, jar fata da zare rawaya,
yana zaton rigar wata sabuwar waya ce.

Komai na sake, ban da nauyinta.

Yanzu tana akwatin ƙarfe a saman kabad.
Jiya Ummita ta ce, "Baba, me ke ciki?"
Na ce, "Baƙuwa ce, barci take yi."
Na taɓa kwaɗon sau biyu,
na tafi alwala.