Zare da Yawu

Shekara talatin da ɗaya ina lasar bakin zare
kafin in kai shi kafar allura,
a shagona na layin teloli, bayan Taminus.
Ban taɓa tambayar inda yawu ke fitowa ba.
Wa ke leƙa rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba?

Kamar gurjiya ya fara, ƙarƙashin kunnen hagu,
ba zafi, ba ƙaiƙayi.
Tasalla ta ce kaluluwa ce, ta shafa man zafi.
Wanzami ya ce hangum ne ya makara.
Damina biyu suka wuce,
ni da shi muna ta ɗinkin Sallah.

Ran da ya tashi magana, da fuskata ya yi ta.
Na kurɓi shayin Gambo,
ya bi gefen baki ya sauka kan shaddar mutane.
Na dubi madubin gwaji:
rabin fuska na motsi, rabi ya yi yaji.
Idon hagu ya daina rufuwa,
yana kwana a buɗe kamar mai gadin kasuwa.
Kunci ya mace, na tsira masa allura ban ji ba,
amma cikin dare wani zafi kan bi muƙamuƙi
kamar an taɓa wayar wuta.

A Lamingo, Dakta Kangyang ta jawo kujera kusa.
Ta ce, "Baba, daji ne,
a ƙullin da ke yin yawu ya tsiro.
Shekara kan zagayo ban ga biyu irinsa ba.
Ba ya gudu, tafiyar hawainiya yake,
sai dai jijiya yake bi."
Na ce, "Kamar zare cikin kalmasa?"
Ta ce, "Kamar haka. Ta waje ba a ganinsa."

Na ce, "Saura nawa?"
Ba ta kau da kai ba.
"Shekara biyar, mafi yawa suna gani.
Goma, da dama. Sha biyar, layin ya ragu.
Yakan tafi har a manta sunansa,
sai a ji ya yi sallama a huhu,
can ɗin ma yakan zauna shekaru bai ta da murya ba.
Ba zan ce ka warke ba,
ba kuma zan ce ka naɗe tabarma ba.
Duk wata shida, ka zo mu ɗauki hoton ƙirji."

Suka yanka, suka ɗinke.
Na duba ɗinkin. Ba laifi,
amma da yarona Isiyaku ne ya yi, da ya warware.

Sai Abuja, mako shida ana gashi.
Na dawo ta Riyom, duwatsu na bisa juna yadda na bar su,
bakina kamar an ɗura masa yashin kuza.

Goro, mun raba hanya.
Tuwo ba ya wucewa sai ruwa ya raka shi.
Jikata Uwale ta kawo goshi ran jarrabawa,
na karanta, na tofa, iska ce kawai ta fita.
Ta ce, "Kaka, ya shiga," ta ɗau jakarta.

A kan ce wane ya yi magana da yawun wane.
Ni yau da yawun Isiyaku nake ɗinki:
shi ya lasa, ya miƙo, ni in zura.

Bana shekara ta huɗu.
Jiya wani ya kawo babbar riga, aikin hannu, aska takwas,
wata bakwai za ta ci ba ragi.
Na dubi kalanda, inda Tasalla ta zagaye ranar hoto da jan biro,
na dubi shaddar,
na ce, "Miƙe hannunka in auna."