Safar Jariri

Dubu casa'in a aljihu na sauka Taminus,
raina na kan kyamara mai ƙaton ido.
Gyang mai shago ya ce, "Tanimu, wayarka ta isa.
Ido kan yafe duhu, kunne ba ya yafe hayaniya."

Da haushi na sayi makirfo na gwanjo.

Lahadi muka hau dutsen Shere.
Iska ta cinye maganar Kyauta kaf,
baki na motsi, sai fuuu.
Yayata ta tuɓe wa jaririnta safa,
muka sanya wa makirfo.

Yanzu idan na kunna
har haɗiyar yawunta nake ji
kafin ta ce, "Ba zan koma ba."

Ƙafar yaron ɗaya ta sha sanyi ranar.
Sunansa ne farko a jerin godiya.