Kunkuru Biyu a Shagon Barmo

A shagon Barmo, nan Ƙofar Ƙaura,
aka ajiye mini su biyu bisa kanta,
kowanne kamar ɗan kunkuru, daidai tafin hannu.
Ka sa ƙusa a bakinsa, ka danna,
shi ke dukan, naka riƙo.

Shekara talatin da ɗaya nake kaɗa guduma.
Na san wani lungu can ƙarƙashin kwano,
tsakanin katako da katako,
inda hannu ba ya samun filin ɗagawa.
Nan ƙusa ke lanƙwashewa tana kallonka.
Nan farcen babban yatsana ya yi baƙi,
har yau bai huce ba.

Jan na iska ne.
Shafal yake, kuɗinsa da dama-dama,
sai dai irin baƙon nan ne mai cewa shi kaɗai ya zo,
ka leƙa zaure ka tarar da dangi:
ga tiyo, ga kwamfaresa, ga janareta,
janareta kuma bai san azumi ba.

Shuɗin na batir ne.
Ba igiyar da za ta harɗe ka a kan tsani.
Amma da nauyi,
kuma kuɗinsa tunkiya ce da ɗanta.
Wutar Sabuwar Unguwa fa sai ran da ta ga dama,
ke nan kullum ina layin mai cajin waya,
ni da samari.

Barmo ya yabi ja.
Da ya ga idona ya karkata, ya yabi shuɗi.
Ban ga laifinsa ba, duka biyun hajarsa ce.

Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan.
Shuɗin ya zauna a hannuna kamar an auna.
Har na fara laluben aljihu,
sai kafaɗata ta yi magana,
wadda ke tashe ni tun kafin kiran assalatu.
Ta ce: rufi nawa ya rage maka?

Na waiga.
Lawandi na bakin ƙofa riƙe da babur,
fensir a bayan kunne, yadda ya ga ina yi.
Na ce zo, miƙo hannu.
Shuɗin ya rinjayi tsintsiyar hannunsa,
ya cije leɓe don kada in gane.
Jan ya lafe a tafinsa,
yatsu suka rufe shi ba tare da shawara ba.

Kwamfaresa akwai wurin Nadabo mai faci,
mun daɗe muna bin juna bashi.

Na biya, Barmo ya rage ɗari biyar don albarka.
Jibi muna da rufi a Batagarawa, ɗaki huɗu da falo.
Yaron zai hau.
Ni zan tsaya ƙasa ina warware tiyo,
ina miƙa ƙusa,
gudumata a ƙugu, ko da fetur zai ƙare.