Ayam Komin

A kasuwar Mil Tuwal na koyi Turancina,
ba alli, ba bulala, ba kuɗin makaranta.
Buhun albasa a ka, kunne a buɗe,
na tsince shi ƙwaya-ƙwaya
kamar kaza a gindin tirelar masara.

Wanda ya fara ɗaure mini kai shi ne na Madam Folake.
Ta ce, "Ayam komin,"
ta saɓa jaka, ta ba ni baya, ta yi gaba.
Wai tana zuwa! Na tsaya da kwandonta
har rana ta karkata kan gadar Ketu.
Barau, ƙanena, ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Yaya, kai in za ka tashi, ba 'ina zuwa' kake cewa ba?
Turancin Ikko rigar aro ce,
jikin da ke ciki namu ne."

Daga ranar na soma leƙa cikin rigar.
"Weldan" ashe sannu da aiki ce ta sa takalmi.
In na yi tuntuɓe, baƙo ya ce "sori,"
alhali ba shi ya ajiye dutsen ba.
"No wahala" kuwa, rabinta tamu ce,
sun ɗauka ba su ce mun gode ba.

Akwai waɗanda ke tafe da wuƙa a hammata.
In mutum ya fara da "wit diyu rispet,"
gyara tsayuwa, zagi na hanya.
In ya ce zai "get bak tu yu,"
nemi tabarma, ka aika a kawo maka tuwo.

Da aka ba ni biro da littafin ƙungiya
na ga na takarda daban yake tafiya:
ba ya gudu, ba ya gumi, wuyansa a ɗaure.
"Diya Sa" ga mutumin da ya kulle mana rumfa,
"Yuwas fetifuli" a ƙasa,
ni da ban yarda da shi ba ko na sisin kwabo.
Tsakanin layin sama da na ƙasa
nan kaɗai nake samun wurin faɗin gaskiya,
ita ma sai na sa mata "pilis" a goshi.

Wata Talata da ruwa,
Barau ya ajiye rabin shayinsa a kan bencina,
ya ta da babur, ya kashe mini ido:
"Ayam komin."

A asibitin Gbagada likitar yarinya ce,
tabarau a ka, hannu a aljihu.
Ta ce "sori," na duba ƙafata, ban yi tuntuɓe ba.
Ta ce, "Wi lost him."
Wannan na sani: lost, abin da ya ɓace,
makulli, rasit, ɗan akuya.
Na ce to a duba mana, asibitin ai ba shi da girma,
ko an kai shi wani ɗaki.
Na bi baranda ina leƙa labule,
har wani dattijo mai shara, mutumin Funtuwa,
ya jingine tsintsiya, ya kama hannuna,
ya ce, "Malam Sallau, an rasa shi."

Rasa.
Ashe mu ma haka muke faɗa.
Shekara arba'in ina cewa wane ya rasu,
ban taɓa jin ɓatan da ke cikin kalmar ba
sai da ta zagayo ta bakin wasu.

Har yau ina rubuta wa ƙungiya takardu,
ina sa "Diya" inda ake sawa.
Amma duk wanda ya ce mini "ayam komin,"
fasinja ne, dillali ne, ko yaron mai shayi,
ba na dariya.
Nakan ɗaga kai daga littafi,
in dube shi sosai,
in ce, "Allah ya kawo ka."